Cibiyar yara masu galahanga da nake kai autana a Malali

Mata da dama sun tsare ni a islamiyya da wajen biki suna tambaya ko wurin da nake kai autana ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma da sharaɗi: uwa ma sai ta zauna ta koya. Wadda take neman inda za ta ajiye yaro da safe ta dawo da azahar ta tarar yana magana, gara ta riƙe kuɗinta. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don akwai inda zan soke su. Gidan haya ne a wani lungu na unguwar Malali da ke Kaduna aka mayar cibiyar yara masu lalurar galahanga, wato otizim.

Yarona ya haura shekara uku bai ce "Mama" ba. A kira sunansa ko waiwayowa ba ya yi, amma da maƙwabta sun tayar da janareto sai ya toshe kunnuwa yana ihu. Hajiya, mahaifiyar Baban yara, ta ce shafar aljanu ce, aka sha rubutu aka yi hayaƙi. A asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa likita ya gaya mana abin da ke damunsa. Kafin nan wata makarantar kuɗi ta riga ta maido mana shi, wai yana hana sauran yara karatu, alhali tun watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci. Dokar tana takarda, ba ta iso ofishin hedimastan ba.

Abin da ya fara kwanta mini a rai shi ne maganar shugabar wurin ranar da muka je. Na tambaye ta wata nawa zai ɗauka ya warke. Ta ce, "Maman yara, ba zan yaudare ki ba, mu ba mu da maganin warkarwa, babu kuma mai shi. Haka Allah Ya tsara ƙwaƙwalwarsa. Ki ci gaba da addu'a, mu kuma mu koya masa yadda zai gaya miki abin da yake so." Na sha jin masu tallar sassaƙe da ƙwayoyin waje suna alkawarin mako shida, saboda haka wannan amsar ta fi mini daɗi duk da ɗacinta.

Aikinsu da katin hoto shi ne abin da zan fi yabawa. Katuna ne ƙanana da aka lulluɓe da roba: kofi, buta, ƙwallo, farantin shinkafa. Anti, wato malamarsa, takan durƙusa daidai tsayinsa, ta riƙe kofin ruwa a inda zai gani, ba za ta miƙa ba. Wata malamar tana bayansa, ta kama hannunsa a hankali ta ɗora a kan katin kofi, ta kai shi tafin Anti. Nan take Anti ta ce "ruwa" ta ba shi. A sake, a kuma sakewa, har ta bayan ta daina taɓa shi. Sun sa ni na zauna a tabarma ina kallo, sannan suka ba ni nawa katunan, na manna a jikin firji. Yanzu da kansa yake ɓallo katin buta ya kawo mini, kuma kukan nan na birgima a ƙasa, wanda ashe rabinsa na rashin hanyar faɗar buƙata ne, ya ragu ƙwarai. Akwai kuma wata tasa cike da gero da wake da yake cusa hannu a ciki idan ransa ya ɓaci. Ba sa hana shi kaɗa hannuwa, sun ce da shi yake kwantar wa kansa hankali.

Taron iyaye na ƙarshen wata ma yana da amfani. A nan wani uba ya miƙe ya ce allurar rigakafi ce ta jawo wa ɗansa. Shugabar ba ta gwale shi ba, ta bayyana cewa zancen ya samo asali ne daga wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, da ya wallafa bincike a 1998, mujallar Lancet ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa, sannan binciken da aka yi kan dubban ɗaruruwan yara bai gano wata alaƙa ba. Gado ne ya fi taka rawa, kuma an fi gano lalurar a maza. Na so a ce Hajiya tana wurin.

Sai inda suka gaza. Kuɗin zango ɗaya ya fi na yayyensa biyu a haɗe, ban da Keke Napep daga Kawo kullum. Mai koyar da furuci ba ma'aikaciyarsu ba ce, zuwa take yi daga wani wurin, wani makon ba ta zuwa, kuɗin kuma ba ya raguwa. Malamai suna yawan sauyawa, ina zaton albashi ne, kuma yaron da ko hanyar gida aka canja sai ya rikice, sabuwar fuska tana mayar da shi baya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne janaretonsu da ke gindin tagar aji, a wurin da rabin yaran ba sa jure ƙara. Na yi magana, an ce za a sa sola, har yau shiru.

Sun kuma yi alkawarin raka shi makarantar gama-gari da malama guda idan lokaci ya yi, kuɗin malamar a wuyanmu. Baban yara ya ce a bari sai an ga bayan kuɗin zango mai zuwa tukuna.