Njamaina zuwa Guangzhou ta Addis, yadda na ga tafiyar

'Yan uwa masu zuwa Sin saro kaya, tunda abokan kasuwarmu na Dembe sun dame ni da tambayar awa nawa ne a sama, bari in faɗa muku yadda take a jirgin Ethiopian. Kai tsaye kam babu, dole sai ka yi eskal, wato ka sauka Addis ka canza jirgi. Daga filin Hassan Djamous zuwa Bole na Addis kilomita 2,600 ne da ɗan wani abu, kusan awa 4, wannan ba wani abu ba ne, ka ci abinci ka ɗan yi gyangyaɗi an iso. Babbar tafiyar tana gaba, Addis zuwa Baiyun na Guangzhou wajen kilomita 8,000, awa 10 kana zaune wuri ɗaya.

Abin da ya ɓata min rai shi ne yaron ajans ɗin da na yanki biye, wato tikitin jirgi, a wurinsa, ya ce min Alhaji awa 14 kawai ka isa. Wallahi wannan magana tana cutar da mutane, don bai lissafa zaman jira na Addis ba, kuma bai faɗi maganar agogo ba, Addis ta riga mu da awa 2, Sin ta riga mu da awa 7 cif, shi ya sa ka tashi Njamaina da rana ka sauka can washegari da yamma alhali jikinka yana ce maka safiya ce, dare ya yi kowa ya kwanta kai idonka biyu. Dattijon da ke kusa da ni haka ya ba ɗansa lokacin Chadi ya zo tarbarsa, da na duba masa biye na nuna masa ai agogon Sin aka rubuta sai ya riƙe baki.

Jirgin dai na yaba. Akwai ɗan allo a bayan kujera mai nuna taswira, kana ganin ɗan jirgi yana rarrafe a kan teku, gudunsa yana kai kilomita 900 a awa amma a allo kamar bai motsa ba, ni da shi na riƙa gane gabas da lokacin sallah, na yi ƙasaru a zaune. Ma'aikatan suna da fara'a, ka nemi ruwa ko shayi su kawo ba ɓata fuska, kayana ma sun iso lafiya.

Ku riƙe rigar sanyi a jakar hannu, Addis tana kan tudu sama da mita 2,300, mu mutanen zafi da dare sai haƙora sun kaɗa. Dawowa kuma Guangzhou zuwa Addis ya fi tsawo, wajen awa 11 saboda jirgi yana fuskantar iska, duk da a biye za ka ga kamar ya fi gajarta. Katin allurar shawara ma ku sa shi cikin fasfo tun daga gida.