Wata shida da Corolla 2010: gaskiyar shan manta

Ni dai abin da ya sa na sayi motar nan magana ɗaya ce, kowa ka tambaya sai ya ce maka ai Corolla ƙanshin mai kawai take shaƙa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba mai sayen mota don kyau, kowa tanki yake kallo. Tawa ta Amurka ce, inji 1.8, otomatik, tankinta lita 50.

Da na duba a intanet sai na ga an rubuta mata 26 mpg a cikin gari, 34 a babban titi, dillalin ma da wannan ya dinga cika min baki alhali na tabbata shi kansa bai san ma'anarsa ba. Mil nawa take yi da galan ɗaya ake nufi, kuma galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, mil kuma kilomita 1.6. In ka juya lissafin, wajen kilomita 11 ke nan a lita cikin gari, 14 da ɗoriya a hanya.

Sai na ce bari in gwada da kaina. Na yi ful tan, na mayar da tirip, wato mai ƙirga nisan tafiya a allo, sifili, na yi ta zirga-zirgata daga Hotoro zuwa kasuwar Kwari a nan Kano har na sake cikawa, ta sha lita 35, allo ya nuna 190. Da na raba sai na ga 5 da ɗan wani abu, wallahi ranar ko abincin dare ban ci da daɗi ba, na ɗauka an ɗora min jaraba. Washegari na kai wa bakanikena, ya leƙa allon ya kwashe da dariya ya ce Alhaji ai wannan mil take ƙirgawa ba kilomita ba. Kunya kamar in nutse. Ashe kilomita 304 na yi, kusan 9 ke nan a lita.

Duk da haka ba ta kai 11 ɗin ba. Ya ciro matatar iska, baƙi ƙirin, da ya buga ta a ƙasa sai da ƙurar harmatan ta turnuƙe mu, filogi biyu sun ci wuta, tayoyin baya kuma iska ta yi ƙasa. Aka canza, mai faci ya daidaita iska, yanzu tana ba ni 10 in ban kunna esi ba. Da esi a gosulon Kurna kuwa kar ma a yi zancen, mota na tsaye mai na tafiya, ga 'yan adaidaita sahu suna sa ka taka birki kowane minti.

Inda ta burge ni hanyar Kaduna ce, wajen kilomita 230 da lita 17, ban wuce gudun kilomita 100 a awa ba.

Lissafin da nake yi yanzu mai sauƙi ne, in lita ta kama naira 1,000 to kowane kilomita naira 100 ne a gari, ban da baƙin mai da taya. Shi ya sa ko uwargida ta ce a leƙa biki a Kabuga sai na fara ƙirgawa a zuci. Motar dai zan sake sayen irinta, amma wancan 26 ɗin na takarda har yau ban gan shi a titin Kano ba.