Gargaɗi kan mai sayar da kuben ƙaramar bindiga na jabu a Zariya

Ina jan hankalin jami'an tsaro da ke aiki a Zariya da kewaye game da wani mutum da ke tallata kuben ƙaramar bindiga a Facebook da WhatsApp, yana cewa shi baduku ne mai ɗinkin hannu a Sabon Gari. Hotunan da yake nunawa aikin wasu masu sana'a ne na ƙasashen waje da ya kwaso daga intanet. Yakan karɓi rabin kuɗi a asusun da ba sunansa ba, sannan ya aiko da kaya ta hannun direba a tashar Kwangila, domin kada a san inda yake zaune.

Abin da ke isowa fatar roba ce mai yadi a bayanta, an haɗa ta da gam, an bi gefen da keken ɗinki. Wani lokaci yakan aiko da fata ta gaske amma wadda aka jeme da sinadarin kurom, irin ta jaka da takalmi, wadda ba ta riƙe siffa, kuma gishirin da ke cikinta yana iya sa ƙarfe tsatsa.

Kube na ƙwarai da kirgi ake yin sa, mai kaurin kusan milimita 3, wanda aka jeme da bagaruwa ko makamancinta. Baduku yakan jiƙa fatar, ya ɗora ta a kan samfurin bindigar na katako ko na roba, ya riƙa dannawa da yatsu da ƙashi mai santsi har kowane lungu ya fito, sannan ya bar ta ta bushe a inuwa, domin zafin rana ko na wuta yana ƙona ta ta tsage. Ɗinkin kuwa da basilla da zare mai kakin zuma ake yin sa. Tun da a kan siffar bindiga ɗaya ake danna fatar, kuben bindiga ƙirar Beretta ba zai zauna daidai a kan ƙirar Browning ba, kuma duk wanda ya ce irin wannan kube yana zama daidai a kan kowace bindiga, ƙarya yake yi. Abin da ya fi damuna shi ne laushin kuben da mutumin ke aikowa, domin kube mai laushi yana iya lanƙwashewa ya shiga wurin kunama lokacin da ake mayar da bindiga, harsashi ya tashi a cinyar mai ita ko a jikin wanda ke kusa.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi muni. Mutumin yakan nemi hoton bindiga da lambarta ta fito, tare da katin shaidar aiki, wai don ya auna girma kuma ya tabbatar da bin doka. Gaskiya ne dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin makaman da ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa, amma baduku ba ya buƙatar komai sai sunan ƙirar bindigar. Katin jami'i a hannun ɗan damfara kayan sojan gona ne.

Kafin ku biya, ku je rumfar da kanku ku ga fata da samfurin. Ku ɗiga ruwa a gefen da ba a shafa wa mai ba: fatar bagaruwa takan sha ruwan ta yi duhu, ta roba kuwa sai ruwan ya gangare. Wanda ya riga ya tura kuɗi ko hoton katinsa, ya adana shaidar biya da saƙonnin, ya sanar da bankinsa da shugabansa a wurin aiki, ya kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa.