Neman Diyya Ko Neman A Maido Maka Da Haƙƙinka: Wanne Za Ka Kai Kotun Sikotlan?

Ɗalibai masu karatun lauya suna yawan tambayata wace ƙara ta fi dacewa a dokar Sikotlan: ta diyyar cutarwa, ko ta maido da abin da wani ya ci ba bisa haƙƙi ba.

A ƙarar diyya, kotu asararka take dubawa. Sai ka tabbatar wanda kake ƙara yana da nauyin kiyaye ka, ya yi sakaci, sakacin kuma shi ya jawo maka cutar. Shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932 ce ginshiƙi: wata mata a garin Paisley ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemon citta, aka yanke cewa tana da damar ƙarar mai masana'antar ko da ba ita ta sayi lemon ba. Wannan hanya tana cin kuɗi, musamman in sai an kira likitoci shaida.

Ɗaya hanyar ba ruwanta da laifi, ribar da wancan ya samu kawai ake aunawa. A shari'ar Shilliday da Smith ta 1998, mace ta kashe kuɗi wajen gyara gidan saurayinta da niyyar aure, auren bai yiwu ba, kotu ta sa ya biya ta. A ganina ta fi sauƙin hujja, sai dai ba a biyan raɗaɗi.

Wa'adin shigar da ƙara kuwa, yawanci shekara 5 ne a ƙarƙashin dokar wa'adin ƙara ta Sikotlan ta 1973, ƙarar raunin jiki kuma shekara 3.

Wanda aka ji wa rauni ko aka lalata wa dukiya, diyya ta fi masa. Wanda ya tura kuɗi bisa kuskure kuwa, ya nemi a maido masa.