Allura kai tsaye ko asid: da wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara koyon bugun zane da farantin ƙarfe, kana tambaya ko ka soma da karce farantin da allura kai tsaye, ko da wanda asid ke ci. Ni dai shawarata ka soma da allura, amma kada ka daɗe a nan.

Duka biyun a cikin rami tawada ke kwanciya: ka cusa ta, ka goge saman farantin, ka ɗora takarda mai danshi, inji ya matse. Zanen kuma a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. Bambancin yana ga wanda ya haƙa ramin.

A na farko, hannunka ne. Allura tana tsaga jan ƙarfe, ta tayar da ɗan tudu a bakin layin kamar yadda garma ke tayar da ƙasa. Wannan tudun shi ke riƙe tawada, layi ya fito baƙi wuluk, gefensa da laushi. Ranar da ka ɗaga takardar ka gan shi, za ka gane abin da ya sa muke sonsa. Sai dai kowane bugu danne tudun yake, sau da yawa kafin ka kai 20 ya soma dishewa. Ƙarfen kuma yana gardama, lanƙwasa layi sai da ƙarfin hannu. Kana iya gwadawa a kan filastik ma.

A na biyu, kaki mai hana asid cin ƙarfe kake shafa wa farantin, ka yi zane a kansa, allura na tafiya sumul kamar alƙalami. Sai ka tsoma farantin a cikin asid: inda ka buɗe, nan asid zai ci, kuma gwargwadon daɗewarsa a ciki, gwargwadon zurfin layin da duhunsa. Farantin yana jure bugu da yawa. Daga masu ƙawata sulke aka gaji dabarar; Daniel Hopfer na Jamus ya buga da ita wajen shekarar 1500, a kan baƙin ƙarfe.

Asid ba abin wasa ba ne. Asid ɗin da ake kira naitirik yana fitar da tururi mai cutarwa, shi ya sa da yawa suka koma ruwan ferik kulorayid, wani sinadari da shi ma ke cin jan ƙarfe. Ko shi ma, safar hannu da tabarau dole ne, malaminka kuma yana kusa.

Rembrandt, mai zanen Holan, haɗa su yake yi a faranti guda: asid ya shimfiɗa zanen, allura ta ƙara duhu. Ka yi faranti biyu ko uku da allura, hannunka ya saba da gogewa, sannan ka nemi kaki.