Garin kastad a madafar Sakkwato: sauri yana nan, daɗi kuwa sai an sa madara

A cikin kayan da ake jerawa a shagunan kayan shayi na Sakkwato, daga Babbar Kasuwa har zuwa ƙananan shagunan Mabera da Runjin Sambo, da wuya a sami wanda aka rage wa daraja kamar garin kastad. Yawancin gidaje sun ɗauke shi ƙanin koko, a dama da safe, a sha da ƙosai ko burodi, a rufe robar sai gobe. Alhali ga uwargidan da take son ta fitar wa baƙi da ɗan abin zaƙi bayan cin abinci ba tare da ta yini a madafa ba, ban san wani gari da ya kai shi sauƙin sarrafawa ba. Wanda nake magana a kansa shi ne na roba mai ƙamshin banila, wanda ba a haɗa masa madara da sukari ba.

Ya kamata mai saye ta san abin da take biya. Duk da launin ɗorawar da yake bayarwa, babu ƙwai a cikinsa, kuma da gangan aka yi shi haka tun asali. Wani mai harhaɗa magunguna a birnin Bamingham na Ingila, Alfred Bird, shi ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai, sai ya sa sitacin masara ya yi aikin kaurin da gwaiduwa take yi. Har yau ana sayar da Bird's, a nan gida kuma Checkers yana cikin waɗanda aka fi gani a kan kanta. Ko na wane kamfani ne, tushensa sitaci ne da launi da ƙamshi, wani da ɗan gishiri ko ƙarin bitamin. Saboda haka kauri da launi da ƙamshi kawai garin yake kawowa. Garɗi da maiƙo daga madarar da aka zuba suke fitowa, kuma duk wadda ta dama shi da ruwa zalla ta ce bai yi daɗi ba, ba ta yi masa adalci ba.

Wajen sauri ya cika alƙawarinsa. Ga rabin lita na madarar gari da aka dama da ɗan kauri, babban cokali biyu na garin yana ba da kastad mai malala, huɗu kuma yana ba da wanda zai daskare har a yanka shi da wuƙa. Ana fara kwaɓa garin da madara mai sanyi kaɗan har ya zama babu gudaji, sannan a zuba a cikin sauran madarar da take kan wuta ana juyawa da maburgi ba tsayawa. Da farko sai a ga kamar ba abin da yake faruwa, ruwa ne fari-fari yana zagaya tukunya; can sai maburgin ya fara nauyi a hannu, launin ya juye ya yi ɗorawa mai sheƙi, manyan kumfa su riƙa fashewa a hankali daga ƙasa. A nan ake ƙara masa minti ɗaya ko biyu kafin a sauke, domin sitacin da bai nuna ba yana barin ɗanɗanon gari a harshe. Na fi son wannan hanya a kan zuba tafasasshen ruwa daga buta, wadda takan bar kastad a tsinke idan ruwan ya ɗan huce kafin ya isa kwano.

Inda ya fi burge ni shi ne yadda yake karɓar kayan da muke da su a kusa. A jera biskit maras kirim a ƙasan faranti mai zurfi, a shimfiɗa yankakkiyar ayaba, a kwarara kastad da ɗuminsa ya rufe ta ruf don kada iska ta sa ta yi baƙi, a sake jera wani biskit ɗin. Bayan ya huce ya yi sanyi, biskit ɗin ya sha madara ya yi laushi, sai a yanka shi gunduwa-gunduwa. Lokacin mangwaro kuwa, wanda yake zuwa daidai da tsananin zafin bazara, nunannen mangwaro maras zare da aka yanka a kai ya wadatar. Dabinon da aka jiƙa aka markaɗa yana maye gurbin sukari, ya kuma rage ƙarfin ƙamshin banilar, wanda a ganina ya ɗan yi yawa. Kankana ce ba ta jituwa da shi idan suka daɗe tare, don tana sakin ruwa. Sai za a ci ake ɗora ta.

Yana da nasa aibin. Yana yin yana, wato siririyar fata, a sama idan aka bar shi a buɗe, sai an manna masa leda mai tsabta a fuska tun yana da zafi. Ba ya son a mai da shi ƙanƙara, domin idan ya narke ruwa yakan rabu da shi ya bar shi dagwargwaje. Irin wanda aka riga aka haɗa da madara da sukari kuma, ko da yake yana da amfani ga matafiyi ko ɗalibi, ya ƙwace wa mai girki ikon auna zaƙi, kuma madararsa ba ta isa abin da za a ajiye gaban baƙo ba.

Babbar matsalar dai ta garinmu ce. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma ƙa'idar masana tsabtar abinci ita ce kada abin da aka yi da madara ya wuce awa biyu a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. Gidan da wutar lantarki ba ta zama, gara a yi daidai wanda za a cinye, a rufe shi a kwanon silba, a nutsa kwanon cikin kula mai ƙanƙara. Ta wannan fuska tuwon madara da gullisuwa da kwakumeti sun fi shi, tunda sukan kwana ba firij, kuma ba zai taɓa shiga kayan gara ya zauna kusa da alkaki da nakiya ba. Nasa fagen shi ne baƙin da suka yi sallama bayan la'asar, ko buɗa-baki a watan azumi sa'ad da murhu ya cika da wasu tukwane.

Wajen saye, na fi ba da shawarar ƙaramar roba ko na ƙulli mai hatimin kamfani, a duba lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, a guji na awo da aka buɗe wa ƙura. Da damina garin yana jan danshi ya dunƙule, saboda haka busasshen cokali ake sa masa, a kuma mayar da murfin da zarar an ɗiba.