Ɓeran Masar Ya Kasa Cin Abinci: Haƙori Ne Ko Rashin Bitamin C?

'Yar'uwa, ga tambayarki yadda na fahimce ta. Ɓeran Masar ɗinki namiji ne, ya kai shekara 3. 'Yan kwanakin nan idan kin kawo abinci yana rugowa, ya ɗauki karas ya sake shi, gashin haɓarsa kullum a jiƙe, ga shi ya fara ramewa. Kin ɗaga leɓensa kin ga haƙoran gaba farare tas, babu wanda ya karye. Wasu sun ce haƙori ne, wasu sun ce rashin bitamin C. Bari mu jera su biyun mu duba, amma tun yanzu hankalina ya fi karkata ga turame, wato haƙoran baya.

Haƙori 20 gare shi: 4 a gaba, 16 a baya, ba shi da fiƙa. Dukkansu tsiro suke yi har ƙarshen rayuwarsa, na gaba ma suna ƙara kusan milimita 2 a mako. Abin da ke hana su wuce gona da iri shi ne taunar ciyawa yini guda, haƙori na gugar haƙori. Turamen kuma a karkace suke: na ƙasa sun jingina ciki wajen harshe, na sama sun jingina waje wajen kumatu. Idan suka yi tsawo, na sama su riƙa sukar kunci, na ƙasa kuwa su tanƙwaro daga hagu da dama har su haɗu a kan harshe kamar gada, su danne shi. Dabbar da harshenta ya maƙale ba ta iya tura abinci baya, ko yawu ma haɗiyarsa wuya yake mata. Duk wannan ba ya ganuwa da ɗaga leɓe, don bakin ƙarami ne, kumatun masu kauri sun tare hanya. Saboda haka kyan haƙoran gaba kada ya kwantar miki da hankali.

Rashin bitamin C kuwa labarinsa daban. Zomo da akuya da kaza jikinsu na haɗa nasu, amma ɓeran Masar, kamar mutum, sai ya samu a abinci kullum. A 1907 ne likitoci biyu 'yan ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka gano cewa idan aka tsare wannan dabba a kan hatsi zalla, tana kamuwa da cutar nan da ta riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa a da. Hatsi zalla fa, wato abin da da yawanmu muke zuba musu a nan: dusa, tsakin masara, ragowar tuwo, ko abincin zomaye da aka sayo a kasuwa. Mako biyu zuwa uku babu ɗanyen ganye sun isa alamu su fara fitowa.

To ina suka rabu?

A gaban kwano suke fara rabuwa. Mai ciwon turame yunwa yake ji sosai. Yana kuka idan ya ji motsin leda, ya zo da gudu, ya cafki abinci, ya jujjuya shi a baki, ya zubar. Ki zauna kusa ki ba shi dogon zaren ciyawa guda ɗaya ki kalla. Lafiyayye yana zuƙe shi a hankali har ya ɓace cikin bakin, ba tsayawa. Mai ciwon turame zai ja rabi ya tsaya, ya karkata kai, ya buɗe baki kamar wani abu ya maƙale masa, wani lokaci ya sa ƙafar gaba yana sosa bakin, ciyawar ta faɗo a tauttaune rabi da rabi. Zai fara gudun busasshiyar ciyawa, ya koma zaɓar abu mai laushi kamar kokwamba. Mai rashin bitamin C ba haka yake ba. Shi duk jikin ne ke ciwo, sha'awar abincin ma ta ragu, sau da yawa ko tasowa ba ya son yi.

Sai tafiya. Nan ne rashin bitamin C ke tona kansa: gaɓoɓi su kumbura, musamman gwiwa, ya riƙa ɗingishi ko tsalle da ƙafafun baya a haɗe, ki ɗauke shi ya yi ƙara don zafi. Gashi ya yi burɗin-burɗin, dasashi ya yi ja yana fitar da jini, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Mai ciwon haƙori kuwa ƙafafunsa lafiya lau, sai dai idan yunwa ta gama kayar da shi. Ke ba ki ambaci ɗingishi ba, kin ma ce rugowa yake yi. Wannan ya ƙara min ƙarfin zato.

Jiƙewar haɓa ta fi zama ta haƙori. Ki kuma shafa ƙarƙashin muƙamuƙinsa da yatsa, hagu da dama. Ya kamata ƙashin ya zama sumul. Idan kin ji ƙulli-ƙulli, saiwar haƙoran ƙasa ce ta yi tsawo tana turo ƙashi, ko kuma ƙurji ne ya tara mugunya. Ido ɗaya da ke zubar da hawaye ko ya ɗan ɓullo waje shi ma yakan zama saiwar haƙoran sama. Ki sake duba na gaban nan: idan bakinsu ya ci a gicciye, gefe ɗaya ya fi tsawo, to da ɓangare guda yake tauna.

Shekaru ma suna magana. Rashin bitamin C ya fi saurin kama ƙanana masu girma da masu ciki. Tsawon turame ya fi bayyana ga manya, irin naki, bayan an daɗe ana ba su abinci mai laushi.

Babban bambancin shi ne wajen magani. Rashin bitamin C abu ne mai arha, idan aka gyara yawanci cikin mako guda za a ga sauƙi. Babba lafiyayye yana buƙatar kimanin miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsa a rana, mai ciki kusan 30, marar lafiya kuma likita zai ƙara masa. Yanki na koren tattasai mai zaƙi kullum, ko ɗan gutsuren gwaiba, ya yi yawancin aikin. Kada ki dogara da zuba shi a ruwan sha: haske da zafi suna kashe shi da wuri, ɗanɗanon kuma yakan sa dabbar ta ƙi shan ruwan. Kada kuma ki ba da haɗin bitamin barkatai, na C kaɗai ake so. Turame kuwa babu ganye ko ƙwaya da ke rage musu tsawo. Sai likitan dabbobi ya sa shi barci, ya duba da fitila, ya goge su da na'ura, in da hali a ɗauki hoton ƙashi a ga saiwa. Sau da yawa ba a yi sau ɗaya a gama. Wasu duk bayan 'yan makonni sai an maimaita. Ba kowane likita ne ya saba da ƙananan dabbobi irin wannan ba, yawancinsu shanu da awaki da kaji suka fi gani, don haka ki tambaya kafin ki je. Asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato nan ne zan fara nema idan suna kusa da ke.

Kada dai ki ɗauka dole ɗaya ne cikin biyun. Suna shiga juna. Rashin bitamin C yana sassauta naman da ke riƙe haƙori, haƙori ya goce, ya daina gugar ɗan'uwansa, ya yi tsawo. Ciwon haƙori kuma ya hana cin ganye, bitamin ɗin ya ƙare. Don haka ki fara ba shi bitamin C yau, ba zai cutar ba, amma kada ki zauna jiran sakamako kafin a duba bakin.

Jiran ne ma haɗarin. Hanjinsa an yi shi ne don ya riƙa motsi ba dare ba rana. Sa'a 12 babu ci, ko kika ga kashinsa ya ƙanƙance, ya bushe, ko ya ɗauke, to abin ya zama na gaggawa. Ki niƙa ciyawa da ganye, ki dama da ruwa mai ɗumi, ki zuba a sirinji marar allura, ki sa ta gefen baki bayan haƙoran gaba, kaɗan-kaɗan duk bayan sa'a uku ko huɗu, yana tsaye a kan ƙafafunsa ba a rigingine ba, kada ya shaƙe. Ki riƙa ɗora shi a kan sikelin kicin kullum da safe. Babban namiji yakan yi giram 900 zuwa 1,200, kuma gashi yana ɓoye rama, sikeli ne zai faɗa miki gaskiya.

Abu biyu kada ki yi ko da wa ya ba ki shawara. Kada ki datse haƙoran gaba da abin yanke farce, suna tsagewa har saiwa, kuma ba su ne tushen matsalar ba. Kada kuma ki je kemis ki sayo amoksisilin ko ampisilin ko wani dangin fenisilin ki ɗura masa. Suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, gudawa ta biyo baya, cikin 'yan kwanaki ya mutu.

Idan Allah ya ba shi lafiya, ciyawa ta zama ita ce abincin, ɗanya da busasshiya, irin su harkiya da kyasuwa, wadda ba a yi wa feshi ba, kuma kada ta yanke a kejinsa. Harawar gyaɗa ko ta wake a ba da kaɗan, don yawan sinadarin kalsiyam ɗinta yana jawo wa manya tsakuwar mafitsara. Dusa kuwa ki janye ta.